Akwatin gem na katako: wane allo za ka saka masa?

Yau maganarmu a kan akwatin gem ce, wato akwatin katako mai tsayin mutum, da allo a sama, da sandar juyawa da maɓallai a gaba, yara su biya su buga. Samari da yawa a garuruwan bakin iyaka sun fara haɗa nasu da taimakon kafinta, kuma jarin sau da yawa daga gida yake fitowa: uba ya sayar da rago ko awaki biyu ya ce wa yaro, ga shi, ka nemi na kanka. To kuɗin da ya fito daga garke bai kamata ya mutu a kan allo mara amfani ba. Allon ne ya fi komai cin wuta a akwatin.

Kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka: wace wuta gare ni? Lantarkin gwamnati, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira kuran? Janareta? Ko sola da batir? Amsar nan ita za ta zaɓar maka allo.

Allo iri uku ake samu a kasuwanninmu. Na farko, tsohuwar talabijin mai doro a baya. Wasannin da aka fi sakawa a waɗannan akwatuna, irin su Pac-Man na 1980, da Street Fighter II na 1991, da Mortal Kombat na 1992, duk don irin wannan allo aka yi su. Hoto yana fita yadda aka tsara shi, kuma kana danna maɓalli ɗan wasa yake motsawa, babu jinkiri. Ga arha, ga masu gyara sun san cikinta. Amma fa tana da cin wuta: mai inci 21 takan ja wat 60 zuwa 100. Nauyinta kuma ya kai kilo 20 ko fiye, ɗaukarta a bayan babur kan hanyar rairayi aiki ne. Sannan ku ji wannan da kyau: a cikinta akwai wuta mai ƙarfin da ya haura bolt 20,000, kuma takan saura a ciki ko bayan an zare soket. Kada kafinta ko yaro ya buɗe bayanta don ta shiga akwati. Aikin mai gyara ne.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu mazauna iyaka. Tsarin launin talabijin na da bai zama ɗaya ba: Najeriya PAL ta bi, Nijar SECAM, Amurka da Japan kuma NTSC. Wasu na'urorin gem da NTSC suke fitar da hoto. In talabijin ɗinka ba mai karɓar kowane tsari ba ce, sai ka ga hoto fari da baƙi, ko yana gudu sama da ƙasa.

Na biyu, talabijin ta zamani mai faɗi, wadda jama'a ke kira filasma. Tana da ban sha'awa, tana da lasifika a jikinta. Sai dai tsoffin wasannin nan an yi su ne a kan awon 4 da 3, kusan murabba'i, ita kuwa awonta 16 da 9. Ko dai hoton ya miƙe mutane su koma gajeru masu ƙiba, ko a bar baƙin fili dama da hagu, ka ga ka biya kuɗin allon da ba ka amfani da shi. Wasu kuma sai sun gyara hoto a cikinsu kafin su nuna, shi ke kawo jinkiri. Wasan faɗa hoto kusan 60 yake nunawa a daƙiƙa ɗaya; in allo ya makara kaɗan, yaro ya danna naushi sai bayan an buge shi zai fita. Gobe ba zai dawo ba. In dole ita za ka saya, duba ko tana da saitin da aka ware don wasa, ka kunna shi. Wanda kuwa wasan ƙwallo na zamani zai fi sakawa, mai faɗin ta dace da shi.

Na uku, monitan kwamfuta na gwanjo, irin na ofis, mai inci 17 ko 19, wanda ya kusa zama murabba'i. Ga mai ƙaramin jari, ni shi nake ba da shawara. Awonsa ya yi kusa da na tsoffin wasanni, jinkirinsa kaɗan ne, ba shi da nauyi, kuma yawanci wat 20 zuwa 35 yake ci.

Mu yi lissafi. Batir mai amfiya 100 da bolt 12 yana ɗaukar abin da ya kai wat 1,200 na awa guda. In kana son ya daɗe, rabin kawai za ka riƙa sha, wato 600. Talabijin mai doro da ke cin wat 80 za ta cinye wannan cikin awa bakwai da rabi, kafin ma a cire abin da inbata da na'urar gem ke sha. Monita mai wat 30 kuwa zai kai awa 20. Ranar kasuwa, daga hantsi har dare, wannan tazarar ita ce tsakanin riba da rufe shago da la'asar. In ka dace da monita mai adafta a waje da aka rubuta bolt 12, ka ga ba sai da inbata ba. Mai haɗa sola zai iya ba shi wuta daga batir, ya sa masa abin daidaita wuta a tsakani.

Sai maganar baki, wato inda waya ke shiga. Monita na ofis yawanci bakin VGA gare shi, mai shuɗi mai ramuka 15. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012, da HDMI take fita, don haka sai ka haɗa da ɗan kwanbata mai juya HDMI zuwa VGA. Allunan gem na Sin da ake kira Pandora's Box yawancinsu suna da bakin biyu duka. PlayStation 2 kuwa da waya uku take zuwa, rawaya da fara da ja, monita ba ya karɓarsu kai tsaye. Kuma ka tuna monita sau da yawa ba shi da lasifika, sai ka tanadi ƙaramar sifika daban.

Ranar saye, ko a Maraɗi ne, ko Ƙonni, ko Katsina, ko Sabon Garin Kano, tafi da na'urar gem ɗinka da wayoyinta a gwada a gabanka. Kayan da ka ƙetaro iyaka da shi, mayar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Bar shi a kunne kamar minti 20. Wanda hoto ke zuwa ya ɗauke bayan daƙiƙa biyu, ko yake ƙyaftawa, ka bar musu kayansu. Sa a nuna fari tas, sannan baƙi, ka nemi layi ko tabo. Sannan ka tsuguna ka kalle shi daga ƙasa. Masu arha da yawa sukan yi duhu in an kalle su ta ƙasa, kuma mafi yawan masu biyanka yara ne gajeru. Juya bayansa ka ga ko akwai ramukan kusa huɗu, masu tazarar santimita 7.5 ko 10, da su ake ɗaure shi a jikin katako. Ka karɓi rasit, saboda masu bincike a hanya.

Kada kafinta ya yanka katako sai allo ya zo gida, a auna shi a yi masa gurbi daidai. A sa gilashi a gabansa saboda yatsun yara da ƙurar hunturu. A buɗe ramukan iska a baya, sama da ƙasa, a rufe da raga, don zafin bazara yana kashe allo a akwatin da ba ya numfashi. A ajiye shi a inuwa, yana bai wa rana baya.

Ku iyaye da kuka ba da jari, ku tambayi yaro abu uku kafin ya tafi kasuwa: wat nawa allon ke ci, wane baki gare shi, kuma za a gwada a gabansa? In ya amsa su, ya shirya. Ku kuma masu akwati, a kashe lokacin sallah da lokacin makaranta, kuma kada a bari caca ta shigo ciki.

Allah ya sa wa nema albarka, ya kiyaye garke da hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.