Ƙirƙira Da Kalanda: Jawabi Ga Tsofaffin Ɗalibai A Jibiya



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan sana'ata, wato bin sawun takardun masu neman rajistar abin da suka ƙirƙiro. Na karɓa da murna, domin a cikinmu akwai makanikai da maƙera da masu walda da malaman kimiyya, waɗanda ke haɗa injin casar gero ko na matsar man gyaɗa, sa'an nan su wayi gari su ga irinsa a kasuwa da sunan wani.

Dokar da ke kare irin wannan aiki a Nijeriya ita ce ta 1970, ofishin rajistar kuma yana Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari. Abu na farko da nake so ku riƙe shi ne, dokar ta ba da haƙƙin ga wanda ya riga shigar da takarda, ko da ba shi ne ainihin mai ƙirƙirar ba. Na biyu, dole abin ya zama sabo. In ka baje shi a kasuwar Jibiya kowa ya gani kafin ka shigar da takarda, ka karya sabuntarsa da hannunka. Saboda haka ranar shigar da takarda ita ce uwar kwanaki, daga gare ta ake lissafin duk sauran wa'adi.

To, me ya haɗa wannan da garinmu? Takardar da aka ba ka a Abuja ƙarfinta a Magama yake ƙarewa. Da zarar mota ta tsallaka ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, an shiga wata doka dabam. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, wadda ke aiki bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, hedikwatarta tana Yawunde a Kamaru. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Chadi da Benin da Kamaru, kuma rajista ɗaya ta wadatar a dukkansu. Nijeriya ba ta ciki. Mai son injinsa ya samu kariya a Maraɗi sai ya nemi rajistar can, kuma mutumin waje sai ta hannun wakilin da ƙungiyar ta amince da shi.

Yanzu ga kwanakin da nake roƙon ku rubuta.

Na ɗaya, wata 12. Bisa yarjejeniyar Faris ta 1883, wadda Nijeriya da Nijar duk suke ciki, wanda ya shigar da takarda a Abuja ranar 10 ga Maris bana yana da damar shigar da ita a Yawunde zuwa 10 ga Maris baɗi, a ɗauka kamar rana ɗaya aka shigar da su. Idan ya yi sake wa'adin ya wuce, wanda ya riga shi kaiwa can shi ne gaba.

Na biyu, wata 30. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar PCT a 2005. Wanda ya shigar da buƙatar ƙasa da ƙasa cikin wancan wata 12 yakan samu jinkiri har wata 30 daga ranar farko kafin ya zaɓi ƙasashen da zai biya. Wannan sauƙi ne ga mai ƙaramin jari.

Na uku, kuɗin shekara-shekara. Rajistar tana da rai na shekara 20 daga ranar shigarwa, amma sai ana biyan kuɗinta kowace shekara. Wanda ya makara ana yi masa rangwamen wata 6 tare da tara. Bayan nan rajistar ta faɗi.

Kada kowa ya ce ai takarda tana ofis, sai a jira. Ofishinmu yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne, kuma wasiƙar gyara adireshin da ka bayar za a aika. Kun ga yadda aka rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, aka sake rufewa a 2023. Kasuwa ta tsaya, amma wa'adin nan bai tsaya ba ko na kwana ɗaya.

Shawarata ita ce, kowane mai ƙirƙira ya ware littafi guda: lambar takarda, ranar shigarwa, ranar kowane wa'adi, da rasit ɗin kowane biya. Ya sa wa kansa alama wata 2 kafin kowace rana, ya kuma riƙa tuntuɓar ofis duk bayan wata 3. Hukumar NOTAP a Abuja tana taimakon masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shigar da takardunsu, a neme ta. Ina kuma ba ƙungiyarmu shawara ta naɗa mutum biyu, lauya da injiniya, su riƙe irin wannan littafi a madadin ƙannenmu da ke tasowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda ya riga ya tashi, kada ya zauna kiɗa bai ƙare ba.