Kiwon Lafiya: Ina Iyakar Tarayya, Ina Iyakar Jiha?



Sau da yawa idan magani ya yanke a ɗakin shan magani na ƙauye, sai a ji mutane suna kuka da Gwamnatin Tarayya, alhali kuwa ba ita ke riƙe da wurin ba. Wanda bai san mai abu ba, ba zai san ƙofar da zai kai kukansa ba.

Bisa Manufar Lafiya ta Ƙasa ta 1988, wadda aka tsara zamanin Minista Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, aikin ya kasu uku. Tarayya ke ɗauke da manyan asibitocin koyarwa, irin na Ibadan da na Zariya. Jihohi ke da asibitocin garuruwa. Awon ciki da rigakafi da sauran ayyukan matakin farko kuwa, Ƙananan Hukumomi aka ɗora wa.

Akwai abubuwan da Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa Tarayya ita kaɗai, watau dokokin magunguna da guba, da na killace masu cuta mai yaɗuwa. Shi ya sa hukumar NAFDAC ke yi wa magani rajista domin ƙasa baki ɗaya.

To, amma iko a takarda daban, aiki a ƙofar gida daban. A 2003 jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna, saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin. Ga magani a hannu, ga ma'aikata, amma Tarayya ba ta iya ɗiga shi a bakin yaro ko ɗaya ba sai da yardar jiha. Lallashi aka shiga yi, da gwaje-gwaje, da neman bakin sarakuna da malamai, har Kano ta amince a watan Yuli na 2004. Kafin nan cutar ta shanye ƙafafun yara masu yawa, ta kuma tsallaka ƙasashen da da ma sun rabu da ita. Sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta kuɓuta daga asalin ƙwayar cutar.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta umurci Tarayya ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta domin lafiya a matakin farko. Kuɗin ta hannun hukumomin jiha yake bi kafin ya isa ƙauye. Saboda haka idan bai iso ba, mutanen gari su fara tambayar kansila da ɗan majalisar jiharsu.