Ranar da Ƙararrawa Ba ta Kaɗa Ba

Karatu: Ezekiyel 11:14-21

Yau maganarmu a kan ranar Lahadin da gari ya waye amma ba halin zuwa sujada.

Yawancinmu mun san irin wannan rana. A shekara ta 2020, saboda cutar korona, gwamnati ta hana taro a jihohi da yawa, har Ista ta 12 ga Afrilu ta same mu a gida. Mutanen Jos sun sha ganin dokar hana fita, tun daga rikicin 2001. Na 'yan'uwanmu na Gwoza da Michika da Mubi ya fi nauyi. A 2014 suka gudu suka bar majami'unsu, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta koma Jos na ɗan lokaci, waɗansu kuma suka ƙetare zuwa sansanin Minawao a Kamaru. Akwai kuma tsoho ko majiyyaci wanda ba doka ce ta tsare shi ba, ƙafa ce ta ƙi. Tambayar da ke damun zuciya a irin wannan lokaci ita ce, ko Allah ya yi nisa da mu tun da mun yi nisa da gidansa?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yehoyakin da dubban mutanen Yahuza zuwa Babila. Cikinsu akwai Ezekiyel, ɗan gidan firistoci. Bisa ga Littafin Ƙidaya sura 4, Balawe yakan shiga hidima yana da shekara talatin, masana da yawa kuma suna ganin shekara ta talatin da aka ambata a farkon littafin Ezekiyel shekarunsa ne na haihuwa. In haka ne, a daidai lokacin da ya kamata ya fara aiki a Haikali, ga shi zaune a bakin kogin Kebar cikin bayi. Ba kusa ba ne kuwa. Da Ezra ya bi hanyar daga baya, wata huɗu ya yi kafin ya isa Urushalima.

Abin da ya ƙara musu ciwo shi ne maganar waɗanda suka rage a gida. A aya ta 15 mun ji mutanen Urushalima suna cewa waɗanda aka kwashe sun yi nisa da Ubangiji, ƙasar kuma ta zama tasu. Mu ma mukan yi wannan. Idan kujerar wani ta daɗe ba kowa, da sauri mukan ce ya ja da baya, ba mu je mun ga abin da ya tsare shi ba.

Amsar Allah tana aya ta 16. Bai musa cewa an warwatsa su ba, ya ma ce shi ne ya yi. Amma ya ce shi da kansa ya zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da suka shiga. Ku lura, bai ce zai gina musu wani Haikali a Babila ba. Shi ne Haikalin. Wahayin da Ezekiyel ya gani a sura ta 1 ya riga ya nuna haka, gama kursiyin yana bisa ƙafafu masu juyawa kamar na karusa, suna tafiya ko'ina. Shekara goma sha ɗaya bayan an kwashe su aka ƙone Haikalin da mutanen Urushalima suke taƙama da shi, waɗanda aka raina a bauta kuwa su ne aka yi wa alkawarin sabuwar zuciya a aya ta 19.

To, me suka yi a can? Sura ta 8 ta nuna dattawan Yahuza zaune a gidan Ezekiyel, suna jiran maganar Ubangiji. Ɗaki ne kawai, ba bagade, ba mawaƙa. Daniyel ma a ɗakinsa yake durƙusawa sau uku a rana. A Sabon Alkawari, ikilisiya tana taruwa a gidan Akila da Biriskilla, da gidan Filimon. Yahaya kuwa shi kaɗai ne a tsibirin Batmusa ranar Ubangiji, a nan ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani a cikin taro.

Saboda haka idan Lahadi ta zo ba halin fita, kada a bar ta ta zama kamar Talata. A yi wanka, a sa tufafin sujada, a shimfiɗa tabarma a lokacin da aka saba. Maigida ko uwargida ta buɗe da addu'a. Yaron da ya iya karatu ya karanta, ko da yana tuntuɓe. A ɗauko Littafin Waƙoƙi. Baiko ma a ajiye shi gefe har ranar da za a kai.

Akwai wata albarka a nan da ba mu cika lura da ita ba. A majami'a da Hausa muke sujada domin kowa ya ji, daidai ne kuwa. Amma a tsakar gida, kaka tana iya yin addu'a da Berom ko Ngas, da Bura ko Margi, da Jju ko Tangale, jikoki suna ji. Da yawa cikin 'ya'yanmu ba su taɓa jin an roƙi Allah da harshen kakanninsu ba. Ku bar ta ta yi, ko ta daɗe.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Kewar taro ba rashin bangaskiya ba ce. Mai Zabura ta 42 ya tuna yadda yake tafiya da jama'a zuwa gidan Allah, ya yi kuka, Allah bai tsauta masa ba. Wannan rediyo da kuke ji ba zai miƙa muku gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji ba, ba zai riƙe hannunku ranar makoki ba. Bayan korona waɗansu sun saba da zaman gida, an buɗe ƙofa ba su koma ba. Ibraniyawa 10:25 da su take magana. A Ezekiyel ma, aya ta 17 ta biyo bayan ta 16, inda Allah ya yi alkawari zai sāke tattara su.

Kafin ranar ta zo, akwai aiki. A kowace unguwa akwai gwauruwa ko tsoho wanda ba shi da mai karanta masa. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata su rubuta sunayensu, a raba. Inda ba a iya zuwa, a kira ta waya a yi addu'a tare, ko minti biyu ne. Inda ana iya zuwa, a tafi da Littafi Mai Tsarki da ɗan abin miya.

A wannan mako ku karanta Zabura 42 da 43 tare da iyalinku. Mu yi addu'a domin waɗanda har yau suke sansanin gudun hijira.