Ciwon Yanke Giya da Jinyarsa a Asibiti



Akwai wani abu da masu aikin dare a ɗakunan jinya na maza suka sani sarai. A ɗauki misalin magidanci da aka kawo ran Litinin da karaya a ƙafa. An ɗora shi, an ba shi gado, yana gaisawa da kowa cikin hankalinsa. Ran Talata sai a ga hannunsa yana rawa in zai ɗauki kofi, zufa tana karyo masa, barci ya ƙaurace. Daren Laraba kuwa sai ya tashi da ihu, wai kyankyasai da macizai suna hawa bargonsa, yana fizge robar ƙarin ruwa, bai san inda yake ba, bai shaida matarsa ba. Dangi su ce iskoki ne, sabon likita ya yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Alhali mutumin nan ya yi shekaru bai wuni ba tare da kwalba ba. Gadon asibiti ne ya raba shi da ita dare ɗaya, ba wanda ya sani.

Dalilin wannan hali yana cikin ƙwaƙwalwa. Tana da sinadarai biyu da za a iya kwatanta su da birki da totur na mota, watau GABA mai lafar da jijiyoyi, da gulutamet mai zaburar da su. Giya takan ƙara wa birkin ƙarfi, ta danne totur. Idan mutum ya dinga sha kullum, sai ƙwaƙwalwa ta sassauta birkinta, ta ƙara taka totur, don ya iya tsayawa da ƙafafunsa. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, sai a bar mota a gangara da birki sako-sako. Daga nan karkarwa da saurin bugun zuciya da hawan jini da farfaɗiya suke fitowa.

An daɗe kafin a gane haka. A shekarar 1813 wani likitan Ingila, Thomas Sutton, ya laƙaba wa mafi munin matakin ciwon sunan Latin, delirium tremens, watau ruɗewa mai haɗe da karkarwa. Amma har aka yi shekara fiye da ɗari ana gardama ko dafin giyar ne ke kawo shi, ko rashin cin abinci. A 1953 Victor da Adams suka nuna a birnin Boston cewa alamun suna biyo bayan daina sha ne. A 1955 kuma Isbell da abokan aikinsa suka shayar da mutum goma giya a wani asibitin fursunoni a Lexington ta Amurka, wasu har kwana 87, tare da abinci mai kyau, sa'an nan suka yanke musu. Cikin waɗanda suka fi daɗewa suna sha aka sami masu farfaɗiya da ruɗewa. Gwaji ne da ba hukumar da za ta yarda a yi wa ɗan Adam a yau, amma ya kashe gardamar.

Ciwon yana da jadawali. Karkarwa da zufa da tashin zuciya sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Farfaɗiya, in za ta zo, yawanci cikin kwana biyun farko take zuwa. Ruɗewa mai tsanani takan bayyana tsakanin awa 48 zuwa 96, shi ya sa dare na uku yake da haɗari. Kimanin mutum ɗaya cikin ashirin na masu ciwon ne ke kaiwa wannan mataki, amma shi ne mai kisa in ba a tare shi ba.

Maganin da aka dogara da shi kuwa shi ne dangin Valium da Librium, domin suna kama birkin nan da giya ta saki, sa'an nan a riƙa rage su sannu a hankali cikin 'yan kwanaki. Binciken da Kaim ya jagoranta a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a 1969, kan majinyata fiye da 500, ya nuna Librium ya fi sauran magungunan da aka gwada hana farfaɗiya da ruɗewa, Largactil kuwa shi ya fi muni. Wannan abin lura ne ƙwarai, don kuwa sau da yawa Largactil ne hannu ya fi saurin kaiwa gare shi idan majinyaci ya tayar da hankalin ɗaki. Yana iya kwantar da mutum, amma yana buɗe wa farfaɗiya ƙofa. Tsoho da mai ciwon hanta an fi zaɓa musu Ativan, saboda ba ya taruwa a jiki.

Nawa za a bayar, kuma yaushe? A 1989 masana a Toronto ta Kanada suka fitar da ma'aunin CIWA-Ar, mai duba alamu goma, maki mafi yawa 67. Nas takan auna majinyaci a kai a kai, ta ba da magani idan maki ya hau. Binciken Saitz na 1994 ya nuna wannan hanya ta rage tsawon ba da magani daga awa 68 zuwa 9. Sai dai tana bukatar majinyacin da zai iya amsa tambaya, da isassun ma'aikata. Inda nas ɗaya ke kwana da gadaje masu yawa, ba da magani bisa tsayayyen lokaci ya fi aminci.

Ba a mantawa da allurar bitamin B1. Mashayi yakan rasa shi, kuma ruwan sukari da aka ɗaura masa yana iya cinye ɗan abin da ya rage, ya jefa shi cikin cutar da Wernicke ya bayyana a 1881, wadda takan bar mutum da mantuwa ta har abada. Don haka tare ake ba da su. Har wa yau, sanin cewa mutum mashayi ne ba ya hana a auna sukarin jininsa, a duba zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da ciwon huhu da rauni a ka, domin kowannensu yana iya ruɗa mutum.

To, duk wannan ilmi ba ya amfani sai an san majinyacin yana sha, nan kuwa matsalar ƙasar Hausa take. Addini ya haramta giya, jama'a suna ƙyamar mai shanta, kuma tun daga shekarar 2000 jihohi da dama na Arewa sun sa ta cikin laifuffukan shari'a. Wanda aka tambaya a gaban surukinsa ko ɗansa ba zai amsa gaskiya ba, likita ma yakan ji nauyin yi wa dattijo mai rawani tambayar. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a yi wa kowane majinyaci ita ranar da aka kwantar da shi, a keɓe, a tsakiyar tambayoyin taba da goro da magungunan da yake sha, a kuma tabbatar masa amsar ba za ta wuce takardar jinyarsa ba. A ambaci burukutu da ogogoro da 'yar leda da sunayensu, don wani ba ya lissafa su cikin giya. Sa'an nan a tambayi ranar shan ƙarshe da sa'arsa, a rubuta a saman katinsa, domin daga wannan sa'a ce ma'aikatan dare za su fara ƙidaya.