Idan Ƙarfen Ƙafar Mota Ya Ƙi Fita

Maganar yau ta taso ne daga saƙonnin 'yan'uwa mazauna Hartum da Umdurman, amma kai da ke Kano ko Maraɗi kada ka ce ba ruwanka, don ƙarfe ɗaya ne a ko'ina.

Kun san yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023. Mutane da yawa suka kulle gidajensu suka fita, suka bar mota a tsakar gida. Daga watan Maris na 2025 komowa ta ƙaru. Wanda Allah ya sa ya tarar da tasa, ko boksi ce, wato Hilux a bakin mutanen can, ko Hiace, ko 'yar amjad ta haya, ya same ta ta sha damina biyu a tsaye. An wawashe garejoji da dama, aljihu kuma ba nauyi. Sai mutum ya ɗauko sufana ya ce da kansa zai yi. To madalla, ni ma a ƙofar gida na fara, a Umbadda. Injin yakan tashi bayan an sa batir an canza mai. Ƙafar mota ce ke tsayar da mutum: boljoyin ya yi lako-lako, tayarod yana ƙara, ka zo cirewa sun ce ba inda za su.

Kafin sufana, magana ɗaya. Idan an yi faɗa a unguwarku, duba ƙarƙashin motar da cikinta da ido kawai. Ka ga wani ƙarfe da ba ka san shi ba, ko harsashi babba da bai fashe ba, kada ka taɓa, kada yara su matso, a sanar da masu kwance nakiya. Motar za ta jira.

Wani zai ce, garin da ruwan sama bai taka kara ya karya ba, ina tsatsa ta samu hanya? Rana ce ke buɗe mata ƙofa. Zafin Hartum, da ke haura digiri 40 a watan Mayu, yana busar da robar da ke rufe boljoyin har ta tsage. Guguwar habub ta cusa ƙura a ciki, ƙurar ta cakuɗe da giris ta zama kamar yumɓu. Ruwan Yuli da Agusta ya zo ya kwanta a tsakar gida. Mutanen Kalakla da suka ga ambaliyar 2020 sun san abin da kwana uku cikin ruwa ke yi wa ƙarƙashin mota.

Amma fa ba duk abin da ya ƙi fita ne tsatsa ta kama ba, kuma nan ne mafi yawan masu gyaran gida ke yin ɓarna. Sandar boljoyin da ta kan tayarod ba miƙaƙƙiya ba ce. Gindinta ya fi samanta kauri, ramin da take shiga shi ma haka aka yi shi. Ka tuna yadda tsinin ruwan gatari ke zama a ƙota: yawan sara, yawan kamawa. Haka aka ƙera ta da gangan, don ko noti ya ɗan saki kada sitiyari ya rabu da taya nan take. Saboda haka in ka kwance noti ka ga sandar ba ta motsa ba, aikinta take yi. Ko tulu guda na mai ka zuba mata, ba zai shiga tsakanin ƙarfen biyu ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cire notin gaba ɗaya, ya ɗora guduma a kan sandar yana bugu. Na yi shi ina yaro, maigidana ya tsaya yana kallona bai ce uffan ba sai da na gama. Kan sandar ya baje kamar hular kwano, zare ya mutu, ga shi ba ta fita ba, ga shi ko ta saki ba za ta wuce ta ramin ba. Ranar zarto ya raba mu, kuɗin sabon kuma daga ladana aka cire.

Ga yadda ake yi. Ka zare ɗan fin da ke riƙe notin. Ka kwance notin amma kada ka cire shi, bar shi da zare uku ko huɗu, shi zai tare kayan kada su faɗo maka a hannu. Sai ka nemi kunnen ƙarfen da sandar ta ratsa ta cikinsa. Shi za ka buga, daga gefe. Ka jingina babbar guduma a ɗaya gefen, ka buga ɗaya gefen da wata, bugu gajere mai ƙarfi. Ramin yakan ɗan matse na ƙiftawar ido ya tofo sandar. Wani lokaci bugu uku, wani lokaci goma sha biyar, sai ka ji ƙas! ta saki. In wani ya danna hannun ƙasa da dogon ƙarfe yayin da kake bugu, ya fi sauri. Wannan dabara ta ƙarfe ce. Idan kunnen na alminiyam ne, kamar a wasu sababbin ƙananan motoci, ajiye guduma ka aro abin matsewa mai bolti. Shi kuma wancan mai baki biyu kamar cokali mai yatsu da ake bugawa tsakani, yana fitarwa, amma sai ya yaga robar. Kada ka sa shi a kan abin da kake so ka mayar.

Wani lokaci kuma akasin haka ne, kana juya noti sandar na juyawa tare da shi. Sa jak a ƙarƙashin boljoyin ɗin ka ɗan ɗaga, nauyin mota ya mayar da sandar mazauninta, sai notin ya kwance.

To, inda tsatsa ce da gaske fa? Nan aikin na daren jiya ne. Ka goge zaren da burushin waya har ka ga farin ƙarfe, ka fesa man kwance tsatsa. In babu, man dizal da ɗan man giya sun wadatar. Da yamma ake sawa, don da rana zafi zai shanye shi kafin ya shiga. Ka naɗe wurin da tsumma mai mai, ka je ka kwanta. Da safe ka ɗauki sufanar bokis mai kusurwa shida wadda ta zauna daram. Sufana mai daidaitawa, wadda ake buɗe bakinta a rufe, ita ke cinye kan noti ta mai da shi kamar ƙwallon goruba. Ka fara da ɗan ɗaurewa kaɗan, sannan ka kwance. Ya motsa ya tsaya? Mayar da shi, ƙara mai, sake kwancewa. In ka ji bolti ya yi laushi a hannunka yana juyawa kamar tuwo, tsaya, karyewa zai yi.

Kan tayarod yana da nasa sharaɗin. Kafin ka kwance, sa alama da fenti, kuma ka ƙirga juyi nawa ya yi kafin ya fita, sabon ya shiga da wannan adadin. A manyan motoci masu doguwar sanda, ɗaya kan zarensa na hagu ne. Na ga ƙato yana tsalle a kan sufana, ashe ɗaurewa yake yi.

Mafi taurin kai shi ne boltin da ya manne da bututun ƙarfen da ke cikin bushin. Ka buga, roba ta shanye bugun. Ka juya, roba ta murɗa ta dawo. Kada ka ɓata yininka. Sa zarton ƙarfe ka yanke boltin gefe da gefe, ka sayi bushin da bolti sababbi. Ka duba kan boltin, akwai lamba, 8.8 ko 10.9. Irin wadda ka cire ita za ka mayar. Bolti marar lamba na ƙyauren gida ne, ba na ƙafar motar da za ta ɗauki iyalinka ba.

Sai wuta. Na san kowa na da maƙwabci mai walda da zai ce kawo in gasa maka. Wuta na aiki, amma noti kaɗai ake ɗumamawa, ya buɗe ya saki zare. A nisanta ta da tiyon birki da hanyar fetur. Kada a kai ta jikin shokozoba, akwai mai da iska a matse a ciki. Kada a gasa boljoyin kansa, giris na tafasa a ciki ya harbo sandar. Alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka, yana kaiwa wajen digiri 660 sai ka ga ya zube. Duk ƙarfen sitiyarin da aka gasa har ya yi ja, ƙarfinsa ya canza, a jefar. Tayarod da ya lanƙwashe ko ya tsage kuwa ba a miƙe shi, ba a yi masa walda, ko da kuwa sai an aiko da sabo daga Fot Sudan.

Duk wannan bugu da jijjiga a kan me motar take tsaye? In jak ne kaɗai, a kan yashin tsakar gida, wallahi kana wasa da ranka. Jan bulon da ake gasawa a bakin Nilu na gini ne, yana rugujewa farat ɗaya ba sallama. Ka shimfiɗa katako mai kauri, ka ɗora ƙafar ƙarfe ko gungumen ice a ƙarƙashin shasi, ka tura tayar da ka cire ita ma ƙarƙashi, ka tokare tayoyin baya. Hiace da tsofaffin boksi kuma gabansu na kan sandar murɗi ne, wadda ke danne da ƙarfi ko mota na sama. Tallafe hannun ƙasa da jak kafin ka raba boljoyin. Motar da sifirin ɗinta ke naɗe jikin shokozoba, notin tsakiya na sama ba a taɓa shi sai da abin matse sifirin.

Wajen mayarwa, sanda da raminta a goge su tas, a bar su a bushe, ba giris. Giris na jikin dogon bolti ne, don wanda zai kwance shi nan gaba ya yi maka addu'a. Fin sabo, ba ƙusa ba. Boltin bushin kuma sai mota ta sauka kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure shi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni.

Ka zaga unguwa a hankali, ka juya sitiyari iyaka dama iyaka hagu, ka taka birki, ka dawo ka sake bin kowane noti da sufana. Ƙirgen juyin da ka yi zai kai ka wurin masu saitin ƙafa ne kawai, don haka can za ka fara zuwa kafin ka ɗauki fasinja ka hau gadar Farin Nilu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba birki da tankin mai na motar da ta daɗe a ajiye.