HAƘƘIN YARON DA AKE CE WA "MAI ISKA" A KANMU

Jawabin da aka gabatar wa 'yan'uwa matasa a zaman karatu na bayan Magariba a Gagarawa Tasha.

  

Maganar da aka ɗora mini in yi yau, na san wasu za su ce ai ta mata ce, mu da yawancinmu ko aure ba mu yi ba ina ruwanmu da raino. To amma a cikinmu akwai masu ɗa ɗaya ko biyu, akwai waɗanda aka damƙa wa aji a Islamiyya, kuma da wuya a sami wanda ba shi da ƙane a gida. Sannan bulalar da ake zabga wa yaron da zan yi magana a kansa, galibi a hannun namiji take.

Akwai wani irin yaro da kusan kowace unguwa ta san shi, daga nan Tasha har Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. Ya kai shekara 4 ko 5 bai fara magana ba, ko kuwa sai dai ya maimaita abin da aka faɗa masa. Ka kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya son haɗa ido. Zai yini yana jera duwatsu ko murafan kwalba. Sai rana ɗaya, ba zagi ba duka, ya ƙwalla ƙara, ya faɗi yana birgima, yana buga kai da bango, yana cizon hannunsa. Nan take a yanke hukunci: iska ce, ɗan ruwa ne, sammu ne, ko kuma uwarsa ce ta sangarta shi.

Wannan lalura likitoci suna kiran ta otizim, gidajen rediyo kuma suna cewa galahanga. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya yi bayaninta a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Ku lissafa yaran Islamiyyarmu kawai ku gani. Yanayin halittar ƙwaƙwalwa ne, gado yana da hannu sosai a ciki, ba sakacin uwa ba ne. Ba kuma allurar rigakafi ke kawo ta ba. Rubutun da wani likita ya yi a Ingila a 1998 mai jingina ta ga rigakafi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita.

To 'yan'uwa, wajibi ne mu rarrabe tsakanin rigima da birkicewa. Yaro mai rigima alewa yake so. Yana kuka yana satar kallonka, da ka ba shi shi ke nan ya yi shiru. Mai birkicewa kuwa ba ya neman komai a wurinka, ko ka tara masa alewar duniya ba zai gan ta ba. Abu ne ya yi wa ƙwaƙwalwarsa yawa, kamar tukunyar da aka yi wa wuta har ta tafasa ta zube. Ƙarar injin niƙa ko janareta da kai ka saba da ita har ba ka jin ta, shi kamar a cikin kansa ake kunna ta. Lasifikar gidan biki, cunkoson kasuwar Maigatari ranar Alhamis, zafin bazara, yunwa, sabuwar shadda mai kaushi ranar Salla, ko canza masa hanyar da ya saba bi, kowanne yana iya tayar da shi. Wani lokaci ma haƙori ne ko kunne ke masa ciwo, ga shi ba bakin faɗa. Wanda ke cikin wannan hali ka ɗauko masa bulala, me kake koya masa? Wuta ka ƙara wa tukunya.

Idan abin ya tashi, farko ka kawar da abin da zai cutar da shi: murhu, wuƙa, ruwan zafi, ka tare hanyar rijiya da titi. Ka sallami 'yan kallo, domin mu da an ji ihu sai gida ya cika, kowa da tasa fatawar. A kashe rediyo. Ka rage murya, ka rage magana, kalma biyu ko uku sun isa. Idan yana buga kai, ka sa matashi ko zane a ninke tsakaninsa da bangon. Kada ka danne shi sai in zai ji wa kansa ko wani ciwo. Daga nan sai ka zauna kusa ka jira, ko da zai ɗauki lokaci. Idan ya sauka za ka gan shi a gajiye tilis, ka ba shi ruwa ya huta. Wannan ba lokacin faɗa ko nasiha ba ne.

Mu da muke da'awar bin Sunna, ai mun karanta labarin balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci. Sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya hana su katse shi, sai da ya gama aka zuba ruwa a wurin, sannan aka yi masa bayani cikin taushi. Wannan fa baligi ne mai cikakken hankali. Bukhari ya ruwaito cewa Manzo (SAW) yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwarsa. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas labarin wata mata mai taɓuwa a hankalinta da ta ce tana da buƙata a wurinsa, ya bar ta ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama. Mu kuwa yaro ya yi ihu a sahu sai a kore shi, a bi ubansa da harara.

Addu'a da karatun Alƙur'ani ga mara lafiya ba wanda ya hana, mu ma muna yi. Amma duka da sunan fitar da aljani, da turnuƙe yaro da hayaƙin barkono, da sa masa mari, wannan zalunci ne ko wane ne ya yi shi. Ba mu manta ba a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka sake samun sama da 60 a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu don a gyara musu tarbiyya. Ni a ganina yaron da aka kasa fahimta yana ƙarami, shi ne in ya tasa ake kira kangararre a nema masa irin waɗannan gidaje. Haka kuma a ɗauki yaron da ko sunan garinsu ba zai iya faɗa ba a tura shi almajiranci wata uwa duniya don a huta da shi, wannan tozarta amana ne.

Sai maganar uwa. Ita ke kwana ba barci, ita ke shan gorin kishiya da dangin miji, wani lokaci har a sake ta a ce daga tsatsonta abin ya fito. Kai maigida kana majalisa har tsakar dare. Ka dawo gida da wuri ka karɓe ta na awa guda ta runtsa. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da yaron ya birkice, a ina, me ya faru kafin nan, ya ci abinci ko bai ci ba. Cikin 'yan makonni za ka fara gane abin da ke tayar da shi. Ka riƙa sanar da shi tun da wuri idan za a yi tafiya ko baƙi za su zo. Wanda ba ya magana a koya masa nuni da hannu ko da hoto: kofi, kwano, bayan gida. Malamin aji kuma ya zaunar da shi a gefe kusa da ƙofa, ya bar shi ya fita idan hayaniyar hadda ta yi masa yawa.

Abu ɗaya kada a rikita. Farfaɗiya daban take, kuma ta fi yawa a cikin irin waɗannan yara. Idan yaro ya sandare, ido ya juye, jiki na fizga, bai san inda yake ba, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Idan ta wuce minti 5, ko akwai zazzaɓi mai zafi, a garzaya asibiti. Ita farfaɗiya tana da maganin da ke tsayar da ita. Galahanga kuwa ba ƙwaya ko jiƙon da ke warkar da ita, duk mai tallan da ya ce yana da shi kuɗin riɗinka yake so. Abin da ke taimako shi ne horo da sabo tun da wuri.

Mai irin wannan yaro ya fara da Babban Asibitin Gumel, ya tafi da ɗan littafin nan nasa, ya nemi a tura shi ga likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, ko a Kazaure ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zuwa likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin an ce ɗanka mahaukaci ne. Kuɗin mota zuwa Kano shi ke hana mutane da yawa, saboda haka ina ba da shawarar mu ware wani abu daga taimakon da muke tarawa don wannan, kuma ɗan'uwa guda mai iya karatun boko ya riƙa raka su. Wanda zai iya wannan rakiya ya tsaya bayan sallar Isha'i mu rubuta sunansa.