Jini Yakan Ba Da Labarin Huhu

Mukan yi gunaguni idan tari ya kai mu asibiti, likita ya ce a ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙirji. Ga dalilinsa. Lokacin korona, a 2020, likitoci sun lura cewa majinyatan da alamar kumburi, wato CRP, ta hau a jininsu, ƙwayoyin jini masu yaƙi da bairos kuma suka ragu, su ne hoto ya fi nuna lalacewar huhunsu. Gwaje-gwajen nan suna taimaka wa likita ya gane wanda za a kwantar. Kada mu koma da mara lafiya gida saboda kuɗin gwaji. Ikilisiya ta haɗa baiko ta taimaka. Ubangiji ya ba mu lafiya. Amin.